Famfon da Ba Ya Cika Baho da Safe

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kafin komai ina roƙon ki yafe mini wannan ƙarfin hali, da na ɗauki biro na rubuto miki alhali ba ki ce in rubuto ba, ban ma tabbata za ki tuna ni ba. Ni ce 'yar marigayi ɗan'uwanki mai shagon wanki da guga, wanda kakanku ɗaya da shi. Lokacin da kika zo gaisuwar rasuwarsa ina aji ɗaya a sakandare, na ɓuya a bayan ƙofa har kika tafi. Yanzu ina ajin ƙarshe.

Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya gajiya. Mu nan muna lafiya. Umma tana fama da ciwon baya irin na masu wanki, amma tana tsaye, ita ke riƙe da shagon. Ni ma na yi mura, ta wuce.

Dalilin wasiƙar nan ƙarami ne, har kunya nake ji. Ƙamus ɗin Turanci da kika bar mini a kan tebur ranar nan, shi nake amfani da shi har yau. Sai dai bara rufin ɗakin wanki ya yi yoyo a kan kantar da nake ajiye shi, shafukan harafin T suka manne suka zama kamar katako. Na gwada da wuƙa, suka yage. Na gwada da tururin dutsen guga, rubutun ya narke.

To, a makon nan Malamar Turanci ta ba mu wani labari a kan mutanen da ke barin ƙauyensu. A cikinsa akwai kalmar trickle. Ta ce kowa ya kawo ma'anarta, da yadda ake amfani da ita, da wasu kalmomi masu kama da ita. Ni a zatona kalmar ruwa ce, amma a labarin an yi ta ne a kan mutane. Ranar da Malama ta yi bayani ban samu darasin safe ba, kuma ta riga ta faɗa cewa wadda ba ta zo ba kada ta ɗaga mata hannu. Wadda muke zama benci ɗaya ta gaya mini wata ma'ana, amma na ga alamar cinta kawai take yi.

Umma ta taɓa ce mini a maɗaba'a kike aiki, ke ke duba littattafai kafin a buga, kuma babu kalmar da ke wuce ki ba ki kama ta ba. Adireshinki na gani a cikin bangon ƙamus ɗin. Da na kira ki a waya, to wayar gidanmu ɗaya ce kuma a aljihun Umma take, sannan ni a baki magana guduwa take yi ta bar ni. Idan za ki amsa, ki aiko ta makaranta.

Ki yi haƙuri da tabon da ke gefen takardar. Ruwa ne. A kan gwiwata nake rubutu, kusa da famfo, ina jiran baho ya cika.

'Yarki.

*

'Yar-bayan-ƙofa,

Wa alaikumus salam. Yo ta yaya zan manta da yarinyar da ban ga komai nata ba sai yatsun ƙafa a ƙarƙashin ƙofa? Na yi ta cewa ki fito ba na cizo, kika ƙi. Ashe baki na nan, a biro aka ɓoye shi.

Lafiyata ƙalau, ban da gwiwa da ke ƙara duk sanda na hau matakala. Ofishina a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, injuna na ruri a samana daga safe har yamma. Wasiƙarki ce abu na farko a watan nan da na karanta ban nemi jan biro ba. Ki gaida Ummanki, ki ce ta daina sunkuyo, ta ɗora bahon a kan benci.

Yanzu ga kalmarki. Zatonki daidai ne, ta ruwa ce. Trickle shi ne tsiyaya, ko zurara: ruwa siriri kamar zare, ba ya yankewa, ba ya kuma ƙaruwa. Tana zuwa a matsayin aiki, ki ce hawaye ya zurara a kumatu, tana kuma zuwa a matsayin sunan shi wannan siririn ruwan. Da aka yi ta a kan mutane, aro ne. Ana nufin ba a rana ɗaya suka watse ba. Yau mutum ɗaya, jibi mutum biyu, babu wanda ya yi ihu, sai wata rana a waiga a ga layin ba kowa. Haka abokan aikina na dā suka bar maɗaba'ar nan, yanzu daga ni sai ɓeraye.

Masu kama da ita kuwa, ki kula, 'yan'uwa ne ba tagwaye ba, kamar ni da babanki. Drip shi ne ɗiga, ɗis, shiru, ɗis. Akwai hutu tsakanin ɗigo da ɗigo, tsiyaya kuwa ba ta da hutu. Seep shi ne naso, irin na bango. Ba za ki taɓa ganin yana tafiya ba, sai dai ki ga ya iso. Ooze na abu mai kauri ne da ke tsattsafowa a hankali, kamar ruwan miki. Dribble kuma dalalar jariri ce, kada ki kuskura ki yi ta a kan kogi, Malama za ta yi miki dariya. Idan aka tambaye ki kishiyarsu, ki ce gush, wato ɓulɓulowa da ƙarfi.

Ba kyauta na ba ki ba, akwai aiki. Ki rubuto mini jimla ɗaya-ɗaya a kan kowacce, da Hausa, daga abin da idonki ya gani, ba daga littafi ba. Wanda ya iya sa kalma a ɗakinsu, shi ya san ta.

Sannan tambaya biyu. Wane irin baho ne wannan da sai an zauna gadinsa? Kuma me ya hana 'yar ajin ƙarshe darasin safe?

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gode, na gode ƙwarai. Da mai rabon wasiƙu na makaranta ya kira ni a gaban aji, ji na yi kamar in shige ƙarƙashin benci, amma na karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Allah ya ba gwiwarki lafiya. Umma tana nan yadda take. Ban isar da saƙon bencin ba, don ban gaya mata na rubuto miki ba tukuna.

Malama ta karɓi aikina ta ce in tashi in karanta wa aji. Na karanta har ƙarshe.

Ga jimlolinki. Rigar da aka shanya ba a matse ba tana ɗiga a kan siminti. Bangon da ke bayan famfo ya yi naso har ya kai tsayin kafaɗata. Tsagar da sabulu ya yi wa Umma a yatsa tana tsattsafo da ruwa. Jaririn maƙwabtanmu masu hawan sama ya yi dalala a wuyan rigar babansa, mu muka wanke. Famfonmu yana tsiyaya da safe.

Ta ƙarshen ita ce amsar tambayoyinki biyu.

Ɗakin wankinmu yana bayan shago. Siriri ne, idan na miƙa hannuwa ina taɓa bango da bango. Taga ɗaya ce can sama, ba ta fi littafin rubutu ba. Famfo ɗaya ne, bahuna uku. Tun bayan hutun da ya wuce, ruwan safe ya koma kamar zare, daidai yadda kika kwatanta. Sai wajen azahar yake dawowa da ƙarfinsa. Na tambayi masu hawan sama, suka ce nasu lafiya lau yake zuwa.

Rigunan ma'aikatan gidan burodi da sassafe ake kawo su, da yamma ake karɓa, saboda haka dole a jiƙa su da wuri. Umma tana gaba tana karɓar kaya, ni ina ciki ina jiran baho ya cika in janye in tura wani. Tana shigo mini da ƙulli-ƙullin kaya ta ce, “Tunda a zaune kike, ware mini farare daga masu launi, ki duba inda tabo yake ki sa masa sabulu.” Ina sanye da kayan makaranta, jakata a rataye a ƙusa, ina jin ƙararrawar makarantarmu daga nesa. Kafin baho na uku ya cika, darasi biyu sun wuce.

Shekaranjiya Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta ce a ƙarshen watan nan za a rufe sunayen masu zana jarrabawar fita, kuma ba za ta sa wadda rabin safiyarta ba ta aji ba. Ta ce, “Kanki yana ja, amma kujerarki ba ta san ki ba.” Na fito.

Na gaya wa Umma. Ta ce, “To ni na hana ruwa zuwa?” Na ce ko za a kira mai gyaran famfo. Ta ce fasa mana bango kawai zai yi ya tafi. Ba ta bari in fita sai bahon ƙarshe ya cika.

Don Allah, Gwaggo, ba ƙara na kawo ba. Tambaya kika yi na amsa.

'Yarki.

*

Matar Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya shago, ya bayan naki. Allah ya ƙara sauƙi.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Na samu labari yarinyar nan tana shirin rasa jarrabawar fita saboda gadin baho. Baho, matar Yaya! Yarinyar da ke rubuta wasiƙar da ban samu kuskure ko ɗaya a cikinta ba, ita aka zaunar a gaban famfo kamar mai jiran haihuwar akuya.

Na san tun dā takarda ba ta dame ki ba. Ban manta ba, ranar da zan tafi karatu ke kika ce in dawo ki ga ko littafi na wanke kansa. Wannan tsakanina da ke ne, ya wuce. Amma Yaya ya sha gaya mini cewa 'yarsa sai ta kai inda bai kai ba. Rigunan mutane ba su fi wannan ba.

Akwai mijin wata tsohuwar abokiyar aikina a garinku, gyaran famfo yake yi. Na yi masa magana, zai zo ranar Asabar. Kada ki yi masa maganar kuɗi, tsakanina da shi ne. Idan ruwa ya gyaru, ba na son in sake jin yarinyar nan ta makara.

Kada ki yi mata faɗa. Ni na matsa mata da tambaya.

Ƙanwar mijinki.

*

'Yar-bayan-ƙofa,

Lafiya kuwa? Mai gyara ya ce mini ya je, ruwa ya dawo, aikin ma bai kai ya buɗe jakarsa ba. Na zauna ina jiran ki rubuto ki ce kina aji tun kafin mai shara, sai shiru. Kullum sai na hau sama da wannan gwiwar na duba akwatin wasiƙu.

Idan Ummanki ce ta hana ki biro saboda abin da na rubuta mata, ki sa ƙawarki ta benci ta rubuto mini layi ɗaya. Na san yadda zan yi da ita. Idan kuma kin samu abin da kike so ne kin manta da tsohuwa, to ba komai, haka 'ya'yan yanzu suke.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini shirun. Ban manta da ke ba, kuma babu wanda ya hana ni. Na fara wasiƙar nan sau da yawa ina yagewa. Ina fata kina lafiya. Mu jikinmu lafiya.

Zan faɗa miki a jere yadda abin ya faru.

Da wasiƙarki ta zo shago, Umma ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini ta ce, “Karanta mini, hannuna da kumfa.” Hannunta a bushe yake. Na buɗe, idona ya riga bakina, na ga abin da ke ciki. Gwaggo, ki gafarce ni, ban karanta mata yadda kika rubuta ba. Na karanta gaisuwar, na karanta maganar mai gyara, sauran na ce kina yi mana fatan alheri. Ta ce, “Duk tsawon takardar nan fatan alheri ne? Ashe gwaggonki ta yi laushi da tsufa.” Ta yi dariya, ni ban iya ba.

Kuma abin da kika ce game da takarda ba haka ba ne. Har na gama aji uku, Umma ce ke duba littattafaina, tana bi da yatsa layi-layi. Ban lura da ranar da ta daina ba.

Ranar Asabar mai gyara ya zo. Bai taɓa bango ba. Ya saurari famfon, ya fita, ya leƙa ƙarƙashin matakala, inda akwai wani ɗan jan ƙarfe mai kama da sitiyari, wanda ke buɗe ruwan ɓangarenmu. Ya murɗa shi, sai na ji baho na ƙara a ciki. Ya ce da ni, “'Yammata, ai rabi aka rufe shi. Kuma dubi yadda yake sheƙi, ba tsatsa. Akwai hannun da ya saba da shi.” Na ce wataƙila yaran sama ne. Umma tana tsaye a bakin shago, ta ce masa sannu da aiki, ba ta ƙara ba.

Ranar Litinin bahuna uku suka cika kafin in gama ɗaura takalmi. Umma ta ce, “To, tafi mana.” Na isa kafin ƙararrawa, har mai gadi ya tambaye ni ko a makarantar na kwana.

Da na dawo da rana, na tarar da ita a tsakar gida tana tsaye gaban igiya, hannu a ƙugu. Rigunan gidan burodi suna shanye reras. Ta ce, “Zo ki gani, ni kaɗai na yi su. Dubi yadda suka yi fari tas.”

Gwaggo, ruwan hoda ne. Dukkansu. Wani jan hankici ya shiga cikinsu ya zuba. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta shanya, ba ta gani ba.

Na ce, “Umma, sun yi ja.” Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa rigar. Sai ta kife baho ta zauna a kai. Ta ce, “Idona ne, kamar ana ɗiga madara a cikin ruwa, kullum kaɗan. Da safe a ɗakin wanki ba na bambance komai.” Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, “In faɗa wa wa? Ranar da layin nan ya ji, wa zai sake ba ni farar rigarsa? Ke kuma da me zan riƙe ki?”

Ba ta yi maganar jan ƙarfen ba, ni ma ban yi ba. Mun wuni muna mayar da rigunan fari. Mai gidan burodi ya zo ya jira a bakin ƙofa yana tsaki, na ce masa laifina ne.

Don Allah kada ki sake rubuto mata. Duk abin da kika rubuta, ni zan karanta.

'Yarki.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki a zaune, na sake karanta ta a tsaye. Aikina ke nan shekara da shekaru, in ga abin da wasu ba su gani ba a takarda, ga shi kin rubuto mini komai a fili na karanta shi a karkace. Allah ya saka miki da kika haɗiye rabin wasiƙar da na aiko wa Ummanki. Ki ƙona ta.

Ki saurara. Yadda ta kwatanta, ya yi kama da yanar ido. Ni ba likita ba ce, amma in ita ce, ana cire ta, mutum ya koma yana zura zare a allura. Sai dai dole a je a duba, kuma na san matar Yaya, ba za ta bi 'yar cikinta asibiti ba. Ni za ta bi, ko don ta samu wanda za ta yi wa faɗa a hanya.

Matsalar ita ce muna tsakiyar buga littattafan makarantu, kuma mai maɗaba'a ya ce ko mutuwa zan yi sai an gama. Na roƙe shi, na yi masa rashin kunya, bai motsa ba. Ba zan samu fita ba sai bayan wata biyu. Na san za a rufe sunaye kafin nan.

Saboda haka ki daure. Ki ware kayan tun da yamma, ki tafi makaranta da safe, ko me zai faru. Ki je ki gaya wa Shugaba gaskiya. Riga in ta lalace ana sayen wata. Ki rubuto ki ce mini sunanki ya shiga.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma aikin littattafan yana sauƙi. Umma tana gaishe ki. Wannan karon da gaske ne, don na gaya mata muna rubuta wa juna. Ta ce dama ta sani, wai tun yaushe nake son zaman ɗakin wanki da biro.

Na yi yadda kika ce. Na gwada warewa da yamma, amma kayan da ke da wahalar da safe suke zuwa. Na ɗaura wa buhun farare igiya mai ƙulli don ta gane da hannu. Buhun tana gane shi, tabo ne ba ta gani. Mako guda ina zuwa kafin ƙararrawa. Ina zaune a aji, Malama tana magana, ni kuwa ina lissafin ko yanzu Umma ta kai ga ruwan zafi. An tambaye ni abu mai sauƙi na tashi na ba da amsar da ba ita ba.

Ranar Alhamis na dawo na ga ta naɗe hannu da tsumma. Ta laluba za ta ɗauki dutsen guga ta kama shi ta wajen zafin. Ta ce ba komai ba ne. Da na kwance, fatar ta tashi tun daga tafin hannu har wuyan hannu. Na kai ta wurin mai shagon magani, ta ce masa santsi ne ya ɗauke ta.

Na je ofishin Shugaba kamar yadda kika ce. Na tsaya a gabanta, na buɗe baki, sai na tuna ƙanwarta tana kawo mana wankin labulaye. Na ce ina kwana, na fito.

Washegari da safe, kafin Umma ta fito, na je ƙarƙashin matakala. Jan ƙarfen ba shi da tauri ko kaɗan. Na murɗa shi rabi, na dawo na tura baho, na zauna.

Ta shigo ta tsaya tana saurare. Sai ta ce, “Ruwan nan ya sake lalacewa?”

Na ce, “E, Umma.”

Ta ce, “Tashi ki tafi, zan iya.”

Na ce, “Bari dai ya cika.”

Ta juya ta fita. Can ta dawo da ƙullin kaya ta ajiye a gabana, ta dafa kaina da hannun mai lafiyar.

An kafe sunayen jiya. Na bi su da yatsa har ƙasa, duk da na san abin da zan gani. Malamar Turanci ta same ni a wurin, ta ce idan na yarda in maimaita ajin, za ta tsaya mini baɗi. Na ce na yarda. Ƙawata ta benci ta yi kuka, ni ban yi ba sai da na zo gida.

Kada ki yi fushi da ni, Gwaggo, kada kuma ki yi da ita. Ba ta ce in yi ba. Na yi mata maganar asibiti, ta ce za ta je idan ruwa ya gyaru. Ni ba zan iya gyara shi ba sai ranar da kika shigo ƙofar nan. Ki zo, ko da faɗan za ku yi tun daga shago har gaban likita.

Abu ɗaya nake roƙo. Shekara tana da tsawo, kuma ina tsoron kaina ya yi sanyi a ɗakin nan. Na san na ba ki kunya, kuma ba ni da wani labari mai daɗi da zan riƙa kawo miki. Amma safiya a nan ba ta ƙarewa da wuri, kuma hannuna ɗaya ba ya aikin komai yayin da nake jira. Kin yarda in sake rubuto miki?

'Yarki.